Yadda Auta Ta Kwashe Kwastomomin Mijin Yayarta

Auta ake ce mata a gida domin ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu, kuma sunan ya bi ta har wurin aiki. Ga ta da 'ya'yanta, furfura ta fara leƙowa a gefen kunne, amma har yau ba mai kiranta da wani suna. 'Yar gajeriyar mace ce mai saurin tafiya da saurin magana, wadda ko a kujera take zaune sai ka ga ƙafarta ɗaya na karkaɗawa. Ba ta manta fuskar wanda ya taɓa sayen kaya a hannunta, haka kuma ba ta manta wanda ya taɓa ɓata mata. Tun suna yara 'yan'uwanta ke cewa in ka tsame mata nama a kwano yau, to ka shirya, wata rana za ka nemi takalminka ƙafa ɗaya ka rasa.

Tana ƙaramar sakandare mahaifiyarsu ta rasu, sai babbar yayarsu ta ɗauke ta. A gidan Yaya ta girma, Yaya ce ta yi mata komai har aure. Mijin Yaya kuwa yana da ɗan shago na kayan sola: farantan ɗaukar hasken rana, batura, inbata mai juya wutar batir ta zama ta gida, da wayoyi. Da Auta ta gama difloma sai ya ce ta riƙa zama masa a shagon kafin ta samu aiki. Daga nan ba ta sake neman wani aikin ba.

Zaman shago bai yi mata ba, sai ta shiga gari. Ita ce asibitoci, ita ce makarantu, ita ce wurin masu aski da masu sayar da ƙanƙara, tana lallashin mutane su huta da ƙarar janareta. Takalma nawa ta kashe a hanya, ita kanta ba ta sani ba. Sannu a hankali shago ya zama kamfani mai bene, da ma'aikata masu ɗora farantai a kan rufi, da mota mai sunan kamfani a jiki. Kowa ya koma kiran mijin Yaya da Oga, har ita Autar, ko da a gida suka haɗu.

Abu ɗaya ne ya dame su, shi ne takardu. Kowane kwastoma yana da yarjejeniya, da takardar garanti, da zanen yadda aka ja masa waya, da hotunan aikin. Duk suna jibge cikin kabad-kabad na ƙarfe a ɗakin baya, ɗakin da ba taga, sai warin tsohuwar takarda da kashin ɓera. A kwamfuta kuma akwai manhajar kula da kwastomomi, inda ake rubuta suna da lambar waya da ƙorafin da mutum ya kawo. Amma manhajar ba ta san da zaman kabad ba, kabad ma bai san da zamanta ba. In mutum ya bugo waya ya ce batirinsa ya mutu, sai a nemo sunansa a kwamfuta, sannan Auta ta tashi ta shiga ɗakin baya tana atishawa, shi kuwa yana kan layi katinsa na ƙonewa.

Wata rana Oga ya zo da wani siririn mutum mai jakar goyo, ya ce Injiniya ne, zai raba su da wannan wahala.

Injiniya ya yi bayani a tsanake. Za a ɗauki hoton kowace takarda a zuba a rumbun ajiya na intanet, wanda su a sana'arsu suke kira gajimare. Sannan zai haɗa rumbun da manhajar kwastomomi, yadda da ka latsa sunan mutum, duk takardunsa za su fito a gefe.

"Gajimare?" in ji Auta. "To ranar da aka yi ruwan sama fa, a kan wa takardun za su zubo?"

Kowa ya yi dariya, har Oga. Amma a ranta abin ya burge ta.

Ita aka haɗa da Injiniya, domin ita ta san wace takarda ce ta wa. Suka shafe watanni a ɗakin baya. Tana miƙo fayil, yana sawa a na'urar ɗaukar hoto, tana faɗa masa cewa wannan mai askin da wancan sunansu ɗaya amma ba mutum ɗaya ba ne, wannan makarantar ta canza suna, wannan ya rasu ɗansa ne ya gaji gidan. Ba ta bar shi ya huta da tambaya ba. Yaya manhajar ke gane fayil ɗin mutum? Me ya sa kowa sai an ba shi lamba? Wa ke da ikon gani, wa ke da ikon gogewa? Injiniya mutum ne mai son a tambaye shi, sai ya riƙa juyo mata da kwamfutar yana nuna mata. Da aka zo ƙarshe ya ce manhajar za ta fi amfani in aka zuba mata duk abin da aka sani game da kowa. Auta ba ta ɓoye komai ba. Lambobin da ke wayarta, da wanda ba ya son a kira shi da safe, da wanda sai an tambayi lafiyar mahaifiyarsa kafin a yi maganar kasuwa, duk ta juye.

Ranar da aka gwada haɗin, ta latsa sunan wata likita, takardunta suka jeru kamar an kira su. Auta ta yi tafi kamar ƙaramar yarinya.

Ba a yi wata guda ba, wata safiya ta zauna a teburinta ta sa kalmar sirrinta, kwamfuta ta ƙi. Ta sake, ta ƙi. Tana ɗago kai ta ga ma'aikata kowa ya sunkuyar da nasa. Sai ga masinja ya ce Oga na kira.

A ofishin ta tarar da ƙanen Oga, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu ba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana latsa waya.

"Zauna, Auta," in ji Oga. "Kin yi ƙoƙari a wurin nan, ba mai musu. Amma kin gaji. Ya kamata ki koma gida ki huta, ki kula da mijinki Malam da yara. Ƙanena zai riƙe ɓangaren kwastomomi."

"Oga, na ce maka na gaji ne?"

"Ba sai kin faɗa ba."

"Ya san mutanen nan? Ko hanyar asibitin likita bai sani ba."

Oga ya yi murmushi, ya juyo da kwamfutarsa ya ɗan buga ta da yatsa. "Ai duk abin da ke kanki yanzu yana nan ciki. Ko ɗan firamare aka ba, zai latsa."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki jakarta da kofin shayinta da 'yar fankar teburin da ita ta saya, ta sauko daga bene. Kai tsaye gidan Yaya ta nufa, ta same ta a kicin tana yanka albasa. Tun kafin ta gama magana Yaya ta ce, "Ki yi haƙuri, Auta, kin san halinsa. Na yi ta ba shi baki tun wancan watan, ya ƙi ji."

"Tun wancan watan? Yaya, ashe kin sani? Ina shigowa gidan nan ina ba ki labarin ɗakin baya, kina kallona?"

"To me zan ce miki? Mijina ne."

Wannan ta fi ta Oga zafi. Auta ta juya ta fita, ko sallama ba ta yi ba.

Mijinta malamin makaranta ne, mutum mai sanyin hali da son zolaya. Da ya dawo da yamma ya tarar da ita a falo, ba ta ko cire mayafi ba, ta ƙura wa waya ido.

"Ranki ya daɗe, yau kuma wa ya taɓo mana ke?"

Ta ba shi labari, sannan ta miƙa masa wayar. Ashe sun rufe mata manhajar ofis amma sun manta da rumbun takardu, wayarta na nan a ciki. "Ka ga nan, Malam? In na zaɓi duka na latsa nan, an gama. Ko rasit ɗaya ba zai rage musu ba."

Malam ya ajiye wayar a hankali kamar mai ajiye ƙwai. "Sai a zo a tafi da ke, ni kuma in koma kai abinci gidan yari a kan babur. Kin dai san ban iya girki ba."

"Ba don haka zan fasa ba," in ji ta. "Injiniya ya ce abin da aka goge ana iya dawo da shi. Kwana biyu zai yi yana zufa, shi ke nan ya warke. Ni ba irin wannan nake so ba. So nake kullum ya tashi da safe ya ga abu na raguwa, ya san ni ce, ya kuma rasa abin da zai kama ni da shi."

Ta fitar da kanta daga rumbun, ta buga wa Injiniya ta ce ya rufe ƙofar da suka bari a buɗe, kada gobe wani abu ya ɓace a ce ita ce. Malam ya dube ta ya ce shi kam yanzu ne ma tsoro ya kama shi.

A ƙarshen layin kamfanin akwai wani mai kayan sola da ake kira Dogo. Aikinsa na da kyau amma bai iya riƙe mutane ba, takardunsa kuwa a buhu suke. Oga ya daɗe yana yi masa dariya, yana cewa shagon Dogo ko kaji ba za su kwana a ciki ba. Wurinsa Auta ta je. Ta ce za ta kawo masa kasuwa, amma da sharaɗin za su zama abokan tarayya, kuma ita za ta tsara ofis yadda take so. Dogo ya sosa ƙeya ya ce shi dai kada a ja masa rigima. Ta ce rigimar tata ce, shi ya riƙe tsaninsa.

Ta ɗauka ta iya haɗin tunda ta ga an yi a gabanta. Ashe gani daban, yi daban. Gwajinta na farko, takardun wani mai walda suka faɗa ƙarƙashin sunan wata makarantar yara, ta tura wa shugabar makarantar zanen garejin mutum. Kunya ta kama ta kamar ta nutse. Sai ta ajiye girman kai ta koma wurin Injiniya a matsayin ɗaliba, duk ƙarshen mako tana zaune a ɗan ofishinsa da tsohuwar kwamfutar Malam. Ta rushe abin da ta gina ta sake daga farko, ta ba kowa lambarsa, ta gwada da sunanta da na Malam da na Dogo har ta tabbata ya zauna.

Sannan ta sa takalmi ta koma gari.

Mutane sun yi murnar ganinta. Wasu ma sun ce tun da ta tafi, in suka kira kamfanin sai wani yaro ya riƙa karanto musu tambayar lafiyar mahaifiyarsu kamar mai karanta jarida. Amma da ta kawo maganar su dawo wurinta, sai jikinsu ya yi sanyi. Likitar nan ce ta faɗa mata gaskiya: "Auta, ina son aikinki. Amma zanen wayoyin asibitin nan da garantin baturana duk suna hannunsu. In na bar su, wa zai san inda aka bi da waya a cikin silin?"

Auta ta fito tana tauna maganar. A bakin titi idonta ya faɗa kan sabon allon tallan da Oga ya kafa, da hotonsa yana murmushi, an rubuta cewa duk kwastoman da ya nemi takardunsa zai same su a wayarsa nan take. Ta tsaya tana kallon allon har mai babur ya yi mata hon. Sai ta juya ta koma cikin asibitin.

"Likita, takardun nan naki ne ko nasu?"

"Nawa ne mana."

"To kira su ki ce a turo miki. Garantin kuma na masu ƙera batirin ne, ba na Oga ba. Duk inda kika je yana bin ki."

Likita ta kira. Ƙanen Oga, cikin jin daɗin nuna gwaninta, ya latsa sunanta ya turo komai kafin ta ajiye waya. Ita kuma ta tura wa Auta. Da can, kafin a tono fayil a ɗakin baya a yi hotonsa, sai mutum ya yi ta sintiri har ya haƙura. Yanzu abin da Oga ke taƙama da shi ya zama ƙofar fita.

Haka ta riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ba ta taɓa zagin Oga a gaban kowa ba. In an tambaye ta sai ta ce, "Ai yayana ne, Allah ya ba shi kasuwa." Amma duk wanda ya dawo hannunta, sai ta sa motar Dogo ta bi ta gaban kamfanin da kayan aikinsa, ko da ba nan ce hanya ba. In ta dawo gida ta ce wa Malam, "Yau na cire masa haƙori ɗaya." Shi kuma ya ce, "Ki dai bar masa na tauna tuwo a gidan yayarki." Ba ta dariya.

Kafin Oga ya farga, manyan kwastomomin sun tafi. Da ya gane ta inda ruwa ke shiga, sai ya hana a tura wa kowa takarda. Nan fa abin ya ƙara lalacewa, domin waɗanda ba su da niyyar tafiya ma suka fusata. Wani mai otal ya zo har ofis yana buga tebur, yana nuna allon talla ta taga. Ran Oga ya ɓaci, ya ce a raba manhajar da rumbun gaba ɗaya, shi bai ga amfanin abin da ke kwashe masa mutane ba. Injiniya ya ce a bi a hankali, ba haɗin ne matsalar ba. Oga ya ce ai da ma bakinsu ɗaya da Auta, ya sallame shi, ya sa ƙanensa ya yi aikin.

Ƙanen ya cire haɗin, ya haɗa da goge lambobin da ke nuna fayil ɗin kowa. Aka wayi gari sunaye na gefe guda, dubban hotunan takardu na gefe guda, ba mai sanin na wane ne wannan. Kabad-kabad ɗin ƙarfe kuwa tuni an kwashe su an kai wani sito da ke yoyo, domin a mayar da ɗakin baya ofishin ƙanen. Masu hawa rufi suka fara zuwa aiki ba zane, suna ɓalle silin ɗin mutane suna neman waya. Da suka gaji da shan zagi, su ma suka gangaro ƙarshen layi. Auta ta ɗauke su duka, ta haɗa har da masinja.

Ranar wata Asabar da hantsi Yaya ta zo gidan Auta. Rabon da su haɗu an daɗe. Ta rame, ta zauna a bakin kujera kamar baƙuwa.

"Auta, ya isa haka. Mutumin nan ba ya barci, hawan jini ya kama shi. Ya saki benen, motar ma ta tafi. Me kike so kuma?"

"Shi ya aiko ki?"

"Ni na kawo kaina. Ni na goya ki, Auta. Ko don ni ba za ki sassauta ba?"

Idon Auta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta yi rawa ba. "Yaya, ba zan taɓa iya biyan ki ba, na sani. Duk abin da kike buƙata, ke da yara, ki faɗa, yanzu a yi. Amma shi, ko kwastoma ɗaya ba zan mayar masa ba. Ban saci komai nasa ba. Ya ce kowa ma zai iya, to ga fili nan."

"Ashe haka zuciyarki take?"

"Ke kika raine ni, kin fi kowa sani."

Yaya ta tashi ta tafi, ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba. Auta ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito Malam bai zolaye ta ba, ya dai ce, "Kin ci nasara. Yanzu sai ki san abin da za ki yi da ita." Ta ce ta sani, za ta buɗe reshe.

Ta kuwa buɗe. Yau ita da Dogo suna da ofis biyu, kuma ƙananan 'yan kasuwa har kiranta suke ta haɗa musu manhajarsu da rumbun takardu. Oga ya koma ɗan shago yana sayar da ƙwan fitila da soket, ƙanen ya tafi wani gari neman aiki.

Zumuncinta da Yaya bai gyaru ba sai da aka kwantar da Yaya a asibiti aka yi mata aiki a gwiwa. Auta ta tare a can, ita ce wanka, ita ce ba da magani. Oga na zuwa ya zauna a ɗaya gefen gadon, ba mai kallon wani. Rannan Yaya ta ce ba za ta sha magani ba sai sun gaisa. Auta ta gyara mayafi ta ce, "Ina wuni, Oga. Ya kasuwa?" Ya ce, "Da godiya." Tun daga nan suna gaisawa. In aka ce mata ai an shirya ke nan, sai ta ce gaisuwa dai aka ce ta yi, ta kuma yi.

Cikin tsofaffin kwastomomin akwai mutum ɗaya da ya gagare ta, wani dattijo mai gidan burodi. Shi ya ce Oga ne ya fara ɗora masa faranti da hannunsa tun ba kowa, ba zai bar shi don ya faɗi ba. Auta ta yi masa tayin gyara kyauta, ta kai masa sabon batir ya gwada, ta bi ta wurin matarsa, duk a banza. Har yanzu takan biya gidan burodin lokaci-lokaci. Da ya hango ta sai ya fara dariya, ya sa a naɗe mata mai zafi.

"'Yata, ba ki gaji ba?"

"Baba, inbatar nan taka ta tsufa. Ranar da ta tsaya, ka san inda nake."

"In ta tsaya shi zan kira."

"Za mu gani," in ji Auta, ta karɓi burodinta ta wuce.